Yaya Rumasa'u da Kyaftin ɗin Kwalin Taba

Na Allah muke, kuma wurinSa ayarin nan ya nufa, da mai sauri da mai jan ƙafa. Ranar Litinin, sha biyu ga watan Rajab, shekara ta 1371 bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, Hajiya Rumasa'u 'yar Malam Dawuda, mutuniyar Gumel, a ɗakinta da ke bayan tashar motocin Jarwal, nan Makka. Ciwon ƙirji ne ya kama ta tun bayan aikin Hajji, amma bai hana a hura murhunta ba ko rana ɗaya. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, muka kai ta maƙabartar Ma'ala.

Ni ne Tijjani tela, ƙaninta uwa ɗaya uba ɗaya. Dattawan unguwa sun ce in rubuta ta'aziyya, a karanta wa waɗanda ba su samu zuwa ba, a kuma ba masu komawa gida su kai wa dangi a Gumel. Sun ƙara da cewa in sassauta alƙalami, wai wanda ya mutu ya mutu, masu rai ake duba wa. Na ji su. Ba zan sassauta ba. Tana da rai an hana ta magana, ba zan bari a rufe maganar tare da ita ba.

Yaya, ke ce uwata tun ranar da innarmu ta rasu a hanyar Wadai. Ina saurayi a lokacin, mai girman kai da ƙaramin ƙarfi. Da muka tsaya aikin auduga a Sudan don mu samu abin da zai ƙarasa da mu, kullum buhuna ne ke zuwa a bushe, domin rana tana jirkita ni. Sai ki bari in juya baya, ki ɗebi ta naki ki cusa a nawa. Idan na yi magana ki ce, "Rufa mini baki, wa ya ce maka na taɓa buhunka?" Haka alherinki yake tun farko har ƙarshe, da faɗa yake zuwa. A nan Makka ma, duk Bahaushen da ya iso da ƙafa a tsage da ido a zurme, abin da ake ce masa shi ne, "Je ka wurin Rumasa'u mai ƙosai." Ki zaunar da shi a kan buhu, ki dama masa kunu, ki kawo man kaɗe da ruwan ɗumi ki ce ya miƙo ƙafar. Kina shafawa kina yi masa faɗa: wa ya aike ka tafiya ba takalmi, ina matarka, me ya sa ka bar ta a baya. Kaskon farko na ƙosanki bai taɓa shiga kasuwa ba. Na makafi ne da tsofaffin da ke kwana a gindin katanga, kuma kin san sunan kowannensu da garin da ya fito.

Amma ba don ƙosai nake wannan rubutu ba. Akwai abin da aka yi mana, kuma akwai abin da aka yi miki daga baya, wanda ya fi na farkon ciwo.

A shekara ta 1353 muka iso Sawakin, bakin Bahar Maliya, mu da mijinki Malam Mukhtaru, da 'yarki Sa'adatu tana tafiya da ƙafarta, da jaririnki Isa a bayanki. Ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu. Jirgin hukuma yana da tsada da jira da takardu, ga lokacin Hajji yana matsowa. Ana cikin haka wani mutum ya zo inda muka sauka, ya yi sallama da Hausa tsantsa irin ta gida. Sunansa Wada. Ya ci tuwo da mu, ya tambayi labarin Gumel, ya kira ki ƙanwa. Ya ce akwai babban jirgin hayaƙi da ke tsayawa can cikin teku, ƙaramin jirgin katako ne zai kai mu gare shi. Da ya ga Malam Mukhtaru yana jinkiri, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan kati da bai kai tafin hannu ba.

Har yau ina iya zana fuskar da ke jikin katin nan da idona a rufe. Dattijo ne mai farin gemu a gyare, da baƙar riga mai maɓallan zinariya, da hula mai baki, da madubin hangen nesa a hammata. Idanunsa masu sanyi, yana duban nesa kamar mai jiran baƙin da yake ƙauna. A bayansa ga jirgi fari tas yana fitar da hayaƙi. Wada ya ce, "Ga kyaftin ɗinku nan. Mutumin kirki ne, bai taɓa rasa ko akuya a teku ba. Ku riƙe katin, shi ne shaidarku. Da kun nuna masa zai san ku nawa ne." Mu da ba mu taɓa riƙe hoton mutum a hannu ba, me za mu ce? Malam Mukhtaru ya daɗe yana duban fuskar, sannan ya ce, "Mai wannan fuskar ba zai ci amana ba." Kika karɓi katin kika ƙulle a bakin mayafinki.

Jirgin katakon da aka cusa mu ciki sambuk suke kiransa. Ruwa yana shigowa ta ƙasa, maza suna kwarfewa da ƙwarya. Shugaban jirgin, wanda suke ce wa rayyis, ba farin gemu gare shi ba, ba maɓallin zinariya. Wani siririn mutum ne mai jajayen haƙora, da igiya a hannu wadda yake dukan duk wanda ya miƙe tsaye da ita. Muka yi ta duban teku muna jiran hayaƙi. Kwana ya bi kwana, ruwan sha ya ja baya. Rannan da rana tsaka ya matso da jirgin kusa da wata gaɓa da ba kowa, ya ce mu sauka, Jidda tana bayan wancan tudun. Waɗanda suka ƙi, aka tura su da sandar tuƙi. Muka faɗa ruwa iya ƙirji, kina ɗage da Isa a ka. Kafin mu taka busasshiyar ƙasa sun juya.

Bayan tudun wani tudun ne. Bayan shi ma rairayi ne da duwatsu. Malam Mukhtaru ya juye miki ɗan ruwan da ya rage a gorarsa, ya ce ke ce mai shayarwa, shi zai bi maza neman rijiya. Bai dawo ba. Daga baya muka iske shi kwance fuskarsa tana duban arewa, ya nufi Alƙibla iyakar saninsa. Isa ya cika a bayanki. Na lura da yadda kansa ke lilo, na buɗe baki zan yi magana, kika ce, "Na sani, Tijjani. Bari mu samu inuwa." Kika ci gaba da tafiya da shi a goye har muka samu gindin wani dutse, muka tona da hannu. Wasu Larabawa makiyayan raƙuma ne suka tsince mu, suka ɗiga mana nono a baki, suka ɗora mata da yara har garin Lis. Allah Ya saka musu. Ba su san mu ba, ba su ji harshenmu ba, ba su kira ki ƙanwa ba.

Ga abin da ke tafasa mini jini har gobe. Bayan mun ƙaraso Makka, ba a daɗe ba Wada ma ya dawo nan da zama. Da ya ji muna nan ya zo da kansa, ya zauna a ƙofar ɗakinki ya yi kuka da hawaye. Ya ce rayyis ne ya yaudare shi. Ya ce kyaftin ya tsaya a tsakiyar teku yana jiranmu, ya yi ta zagaye yana nema har gawayin jirginsa ya kusa ƙarewa, ya koma gida da baƙin ciki. Kika yarda, Yaya, don ba ki iya tunanin mutum zai yi ƙarya da hawaye a garin nan ba. Kika ajiye katin cikin kwallarki tare da carbin Malam Mukhtaru. Shekara da shekaru, duk lokacin da kika yi ɗawafi, sai kin sa dattijon nan a addu'a. Da kunnena na ji ki kina cewa, "Allah Ka saka wa bawanKa mai jirgi da ya neme mu bai same mu ba." A gaban Ɗakin Allah kike roƙa masa alheri.

Bayan yaƙin Turawa ya ƙare, motoci suka yawaita tsakanin Jidda da Makka, kika mayar da kaskonki bakin tasha. Taba a lokacin ba a shan ta a fili, direbobi sukan raɓe bayan mota su kunna. Wata safiya wani direba Bayamane ya tsuguna kusa da ke yana jiran ƙosai, ya ɓare sabon kwalin taba da ya sayo wurin ma'aikatan jirgi a Jidda. Wani ɗan kati ya zamo daga ciki ya faɗi kusa da murhunki. Kika duba. Farin gemun, da maɓallan, da madubin a hammata.

Ina shagona aka zo aka ce in yi maza, yayata ta bar mai yana ƙonewa a wuta. Na iske ki riƙe da katin, kina tambayar direban da Larabcinki na kasuwa a ina ya san wannan bawan Allah. Mutumin ya yi dariya, ba da mugunta ba. Ya ce, "Ya Hajja, wa ya san shi? A cikin kwali yake zuwa. Masu taba ne ke sakawa don a yi ta saye." Ya zaro wasu daga aljihunsa ya baje a tafin hannu. Kyaftin iri iri, wani da gashin baki, wani riƙe da sitiyarin jirgi iska tana kaɗa rigarsa, kowannensu kyakkyawa, kowannensu kamar bai taɓa yin ƙarya ba. Ya ce a can ƙasar Turawan da ke yin tabar tara su ake yi, a manna a littafi, wanda ya haɗa duka ya yi alfahari. Ya ce zane ne kawai, ko dai mutumin ya mutu tun zamanin kakanni, ko ma ba a taɓa haifarsa ba.

Ba ki yi kuka ba. Kika sauke kaskon, kika kashe wutar, kika ce da ni, "Tijjani, takardar taba na yi wa ɗawafi."

Ban san waɗanda suka zana hotunan nan ba, kuma na san ba don mu suka zana ba. Amma ina jin haushinsu su ma. Sun zauna cikin inuwa sun ƙera fuskar amana, sun buga ta dubu bisa dubu, sun cusa a kwali don a sayi hayaƙi. Fuskar da za ta sa malami mai hankali ya ɗauki iyalinsa ya shiga ruɓaɓɓen jirgi, su a wurinsu abin wasa ce. Sai dai haushinsu kaɗan ne a kan na wanda ya tsinci abin wasan, ya dube shi, ya gane abin da zai iya yi da shi a kan 'yan'uwansa.

Daga ranar kika shiga tambaya. Duk wanda kika taɓa shafa wa man kaɗe, kika bi shi har inda yake, daga Jarwal zuwa Misfala zuwa bukkokin Zahir. Tambayarki ɗaya ce: da za ku shiga ruwa, an ba ku wani kati? Sai ka ga tsohuwa ta shiga ɗaki ta kwance ƙullin tsumma. Sai ka ga dattijo ya buɗe layar da ke wuyansa, ashe katin ya ɗinke a ciki. Waɗanda aka zubar a gaɓa irinmu, da waɗanda jirginsu ya fashe a kan duwatsun ruwa, da waɗanda aka kai wani tsibiri aka ce su jira. Kusan kowa da nasa kyaftin ɗin, kuma kusan kowa ya ambaci Wada ko yaran da ya bari a Sawakin suna yi masa aikin. Su ma Turawan tara katin suke yi, ke ma kika tara. Naki kowane ɗaya da sunan gawa a bayansa, kuma ba rubutawa kika yi ba, a ka kika riƙe.

Wata Juma'a bayan an sauko, maza suna zaune a zauren Malam Tsoho, wanda shi ne babbanmu a unguwa, shi ke shiga tsakaninmu da hukuma. Wada yana gefensa a kan darduma, lokacin ya zama Alhaji Wada mai gidan dutse, mai ba mutane aikin ɗiban ruwa da dako. Ina cikin zauren. Kika yi sallama daga bakin ƙofa, ba ki shigo ba. Kika kwance ɗankwalin da kika ƙunso katunan a ciki, kika watsa su a kan tabarma. Suka bazu har gaban gwiwarsa. Kika fara kira: wannan na gidan wane ne, mutum kaza suka shiga, ga wanda ya fito. Wannan na wance ne, ita kaɗai ta rage. Akwai waɗanda suka ji sunan iyayensu a bakinki a ranar.

Wada ya gyara zama ya ce, "Ya Hajja, ki ji tsoron Allah. 'Yar shaida ce kawai nake ba mutane don hankalinsu ya kwanta. Teku ta Allah ce, ni ban da iko da ita."

Kika ce, "Tekun ta Allah ce. Ƙaryar taka ce."

Na ɗauka a ranar za a yi wani abu. Na miƙe na ce ni shaida ne, a gabana ya nuna wa Malam Mukhtaru katin. Na dubi mazan da na san su ma an zubar da su a rairayi, ina jiran su miƙe. Kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam Tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Rumasa'u, mu baƙi ne a ƙasar mutane. Rabin waɗanda ke zauren nan ba su da takardar zama. In maganar nan ta kai gaban hukuma, ba Wada za a fara tambaya ba, ta wace hanya kuka shigo za a ce, a kwashe mu gaba ɗaya. Khalas, shi ke nan, a bar wa Allah." Ya sa aka tattara katunan aka miƙo miki kamar an mayar wa yaro kayan wasansa.

Ban ce tsoronsu ƙarya ba ne. Na san abin da ake nufi da a kwashe mutum. Da shirun kawai suka yi, da na yi musu uzuri. Amma ba su tsaya nan ba. Don su samu barci, sai suka mai da ke mahaukaciya. Aka sa miki suna Mai Kati. Masu ɗiban ruwan Wada aka hana su sayen ƙosanki. Matan da kika karɓi haihuwarsu suka daina aiko miki da goron suna. Mutumin da kika cire wa ƙaya daga tafin ƙafa da allurar ɗinkina, ya hango ki ya canja hanya. Wannan ba tsoron hukuma ba ne, ya ku mutanen Jarwal. Wannan tsoron rasa tuwon gidan Wada ne, kuma kun sani.

Ke kuwa ba ki sake zuwa zauren kowa ba. Kika jira lokacin da alhazai ke haramar komawa gida. Kika riƙa zuwa masaukinsu da katunan, kowane ɗaya kin ja masa layin tawada a kan fuska. Ki ba mutum ɗaya, ki ba shi labarin gidan da katin ya fito, ki sa ya maimaita har ya zauna masa. Ki ce, "Ka nuna a Sawakin, ka nuna a Fashir, ka nuna a Fallomi, a ƙofar masallaci da bakin rijiya. Ka ce duk wanda ya nuna musu irin wannan fuskar, su kama hannun 'ya'yansu su bar wurin." Wasu sun karɓa don kunya, na tabbata sun yar a hanya. Wasu sun kai.

Shekarar da ta wuce wata mata mai suna Fatsuma, mutuniyar Haɗeja, ta zo tasha tana tambayar ina Rumasa'u mai ƙosai. Tana tafe da 'ya'yanta da tsohuwar uwarta. Ta ce a Fashir wani alhaji ya ba ta kati mai layin tawada. Da suka iso bakin ruwa wani ya zo musu da Hausa mai daɗi da hoton kyaftin, ta fito da nata ta ɗora kusa da nasa, mutumin ya tashi bai ko yi sallama ba. Suka ƙara shekara guda suna wanki da surfe har suka shiga jirgin hukuma. Ta durƙusa za ta kama ƙafarki, kika janye kika ce, "Tashi, ke kuma, ƙosai na ƙonewa. Yaran nan sun karya kuwa?" Da suka tafi na ga kina share ido da bakin mayafi, kika ce hayaƙin itace ne.

Ba zan ce kin kashe sana'ar ba. Maƙaryaci ba ya rasa sabuwar ƙarya, kuma har yanzu ana tsintar mutanenmu a gaɓa. Amma akwai gidajen da ke da rai yau saboda ke, kuma ba su san zauren Malam Tsoho ba.

Da ciwo ya tsananta, Malam Tsoho ya zo duba ki. Ya zauna a bakin ƙofa, ya yi addu'a, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce Alhaji Wada ne ya aiko shi, girma ya zo masa shi ma, yana neman ki yafe masa kafin a rabu, kuma ya ɗauki nauyin likkafani da duk abin da za a bukata. Ni da Sa'adatu muna wurin. Numfashinki yana fita da ƙyar, amma maganar ta fito sarai. Kika ce, "Baba, ka gaya masa abin da ya yi mini ni kaɗai, na yafe, don ina son Allah Ya yafe mini. Na Mukhtaru da na Isa da na sauran, ba nawa ba ne balle in bayar. Ya je ya same su inda ya sa aka ajiye su, ya roƙe su. Likkafani kuwa ina da nawa."

Da naki muka rufe ki, farin yadin da kika wanke da ruwan Zamzam da hannunki. A wurin salla na ga Wada a sahun gaba, da waɗanda suka sa miki suna a bayansa, suna ta cewa Allah Ya jiƙan baiwar Allah, mace ce mai gaskiya. Yanzu suka sani. Ban hana su salla ba, don ba ni da ikon hana kowa tsayawa gaban Ubangijinsa. Amma hannun da ya miƙo mini bayan an idar, na bar masa shi a miƙe.

Ya Allah, ga baiwarKa Rumasa'u ta zo gare Ka. Ta nufi ƊakinKa da ƙafa, ta biya da miji da ɗa, ba ta taɓa cewa da ta sani ba. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka shayar da ita daga tafkin ManzonKa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishi bayansa. Ka haɗa ta da Malam Mukhtaru da Isa a inuwar da ba ta gushewa. Ka jiƙan duk waɗanda suka faɗi a hanyar nan ba wanda ya san kabarinsu. Waɗanda suka sayar da su kuwa, Kai ne Ka gani, kuma Kai ba a nuna maKa hoto.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarta Sa'adatu da maigidanta da 'ya'yansu, da danginmu na Gumel waɗanda za su ji wannan labari bayan ƙasa ta daɗe da bushewa, da makafi da tsofaffin gindin katanga waɗanda suka zo da sassafe ranar Talata suka tarar da murhu a sanyaye. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Ni dai nawa haƙurin bai zo ba tukuna, ina roƙon Allah Ya kawo shi. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.